Ranar da Kawu Manufa Ya Ƙi Buga Ƙararrawa

Duk wanda ya san Kawu Mainasara ya san jan biron nan da ke maƙale bayan kunnensa. Da shi yake zuwa makaranta, da shi yake zuwa gona, kuma wallahi na sha ganin ya yi alwala har ya shafi kunnuwa biron bai ko motsa ba. In kuwa ya sa hannu ya zaro shi, to wani ya shiga uku. Sai ya karkata kai, ya dube ka ta saman tabarau, ya jefo maka tambayar nan da ta sa anka bar sunansa na yanka anka koma ce masa Manufa: "To, in an tashi, mi za su iya?"

Ku da kunka zauna da shi kun san ba a makaranta kaɗai yake yin ta ba. Kun tuna malamin gonar nan da ya zo daga Sabon Birni, anka tara magidanta gindin tsamiya? Bawan Allah ya fi awa guda yana bayani kan taki da iri, gumi har ya jiƙa masa hula. Ya ƙare, anka yi tafi, sai ga hannun Kawu a sama.

"Mun gode ƙwarai, malam. Yanzu in mun tashi daga nan, mi za mu iya?"

Mutumin ya dubi takardarsa, ya juya bayanta, ya sake juyo gabanta. Ya ce, "To... za ku iya tafiya gida."

"Alhamdu lillahi," in ji Kawu. "Wanga mun iya shi tun ba ka zo ba."

Kun yi dariya ran nan. Ni ma da labarin ya iske mu Unguwar Lalle na yi har da riƙe ciki, don ban san nawa rabon na tafe ba.

Ga waɗanda ba su shaida ni ba, ni ce Luba, ɗiyar ƙanwarsa. Ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai anka ce kowa ya nemi makarantar da zai yi koyon aiki na mako goma sha biyu. Anka ba kowa fom. A ƙarshen fom ɗin akwai gurbin da hedimasta zai yi sharhi, ya sa hannu, ya buga hatimi. In babu wannan, shekara ta tafi a banza, ƙawayenka su fita su bar ka kana maimai. Ƙawayena sunka watsu, wasu Isa, wasu Sabon Birni. Ni kuwa da wayona na ce ina ni ina wahala, ga kawuna hedimasta a wata firamare can gaba da Gangara? Mutumin da nake ja wa gemu ina ƙarama? Na ce za ni sauka gidansa, in ci tuwonsa, in yi barcina mako goma sha biyu, in karɓi sa hannu in dawo. Kai, Luba! Garin neman ƙiba na samo rama.

Ranar farko na shiga ofis da fara'ata. "Kawu, ina kwana?"

Ya waiga bayansa. Ya leƙa ƙarƙashin tebur. "Wa kike nema?"

"Kai mana, Kawu."

"Kawunki shina gida, sai an tashi. Nan Hedimasta na. Ina shirin darasinki?"

'Yan aji biyu ya ba ni, tare da wani dattijon malami, Malam Bawa. Dokarsa kuwa, ba malamin da zai taka aji sai ya kawo littafin shirin darasi an duba. Kuma ba duka yake dubawa ba. Layi guda ne, wanda ke farawa da "A ƙarshen darasi, ɗalibai za su..." In layin nan ya yi masa, ko da ƙafa ka rubuta sauran, wuce abinka. In bai yi masa ba, ka sha ja.

Na ɓata yini guda ina tsara nawa, da kyakkyawan rubutu, har da jan layi da rula. Na rubuta: "A ƙarshen darasi, ɗalibai za su fahimci muhimmancin tsabta."

Ya karanta. Ya zaro biro.

"Fahimta," ya ce. "Wace kala ta?"

"Na'am?"

"Fahimtar. Ja ta, ko baƙa? In ta shiga yaro ina take zama, ka ko ciki? Ƙaƙa za ki san ta shiga?"

"Sai in tambaye su, Kaw... Hedimasta."

"Madalla. Taho."

Ya ja ni har aji. Yara sunka miƙe sunka gaishe shi. Ya tsaya gaban allo, ya gyara murya, sai kawai ya ɓarke da Faransanci. Kun san ya yi zirga-zirgar Maraɗi da ƙuruciya, ya tsinto 'yan kalmomi a tasha. Ya zuba, ya zuba, yana kaɗa hannu, yana nuna rufi, yana nuna ƙasa, har da dukan tebur. Ni na saki baki ina kallo. Da ya gaji ya tsaya.

"Yara, kun fahimta?"

"Eeee, Malam!"

"Da kyau da kyau?"

"Eeeeee!"

"Akwai mai tambaya?"

"Baabuu!"

Ya juyo gare ni, ya mayar da biro kunne. "Ga fahimtarki nan, Malama Luba, cike da aji, sai ki kwasa. Ni da na yi maganar ban san abin da na ce ba."

Daga baya ya yarda cewa rabi cinikin albasa ne, rabi kuma zagin da wani direba ya taɓa yi masa.

Na koma kaina a ɗaure. To in ba a ce fahimta ba, mi za a ce? Na rubuta "za su sani." Ja. "Za su gane." Ja. "Za su ƙaru." Ya dube ni ya ce, "Da mi? Da ƙiba?" Ja. Na rantse muku littafina ya koma kamar an yanka kaza a kai. Malam Bawa, Allah ya ƙara masa lafiya, ya ji tausayina ya ja ni gefe. "Ɗiyata, abin da ido ke gani ko kunne ke ji yake so. Su lissafa, su nuna, su rubuta. Shekara takwas ina ƙarƙashinsa, sai a ta uku na gano bakin zaren."

Na ce shi ke nan, an zo wurin. Kashegari na jero manufa bakwai reras a darasi guda: za su lissafa, za su nuna, za su zana, za su rera, za su wanke hannu, za su yanke farce, za su share aji. Na dire masa ina hura hanci.

Ya ƙirga da bakin biro. "Minti nawa darasin?"

"Talatin da biyar."

"Jaki guda, buhu bakwai. Ko jakin ya kwanta ko buhunan su zube. Zaɓi guda."

"Wanne?"

"Ajinki ko ajina?"

Na zaɓi wanke hannu. Ya ce, "Akwai ruwa a aji?" Babu. Ja.

Kada ku ce ni kaɗai ke shan wannan ukuba. Matarsa, Inna Hajo, ga ta nan zaune, ta girme ni nesa a wagga makaranta. Wata ranar kasuwar Isa ta ce, "Malam, in ka tafi ka yo mana cefane." Ya ce cefane ba manufa ba ne, buri ne, ta faɗi abin da take so idonta ya gani a buhu in ya dawo. Ta ce daddawa, barkono, busasshiyar kuɓewa, manja. Ya rubuta. Ya tayar da babur ke nan ta tuna, ta ƙwala daga cikin gida, "Da gishiri!" Ya ce, "An rufe shiri." Ya tafi ya dawo da abu huɗu cif. Da bakinsa ya faɗa mana ya wuce masu gishiri sau biyu, har sun gaisa.

Inna Hajo ta karɓi buhu ta shige madafa. Da yamma ta kawo kwanoni biyu ta ajiye masa. Ya buɗe na farko, miya tana tururi. Ya buɗe na biyu, wayam.

"Hajo, ina tuwon?"

"Manufar yau miya ta, Malam. Tuwo shina cikin shirin gobe."

Ya ɗanɗana miyar, lami, ba gishiri. Ya dubi kwano, ya dubi Inna. Sai ya ce, "Amma dai an cim ma manufa." Ya ɗauki ludayi ya shanye ta tas. Ina wurin, ni na wanke kwanon.

Ana nan, mako na bin mako. Ya bar ni ina shiga aji, amma duk ranar da na ɗauko zancen fom sai ya ce yana cikin durowa, gara ba ta ci shi ba. Mako na takwas ƙawayena na Isa sunka bugo waya, su tuni an sa musu hannu, wata ma tun ranar da ta je. Nan fa tsoro ya kama ni da gaske, abinci ya daina shiga. Na je gida ran Asabar na faɗa wa tsohuwata ina kuka, na ce yayanki zai kashe min shekara. Ta ɗauki mayafi, munka hau kabu-kabu, ta iske shi a zaure yana gyaran rediyo. Ni na laɓe bayan danga.

Ta faro tun daga haihuwata. Ta bi ta kan ƙyandar da na yi, da yadda na yi tafiya da wuri, da haƙƙin zumunci, da abin da marigayi babansu zai ce da yana raye. Ya bar ta sai da ta tsaya jan numfashi.

"To, ƙanwata, in kin tashi daga nan, mi kike so in yi?"

"Ka sa hannu a takardar ɗiyarka!"

Ya tafa hannu. "Allahu akbar! Luba, fito daga bayan danga, na ga ƙafarki. Kin ji uwarki? Gajera, guda ɗaya, ido na iya gani. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta fi ki iya manufa."

Tsohuwata ta ji yabo ta washe baki. "To, Yaya, sai ka sa."

"A'a."

Haka ta koma Unguwar Lalle, rabi fushi rabi alfahari. An ce kwana uku tana zaga maƙwabta tana ba da labari wai Yaya ya ce ta fi 'yar kwaleji.

Sai ga makon ƙarshe. Malamin da kwaleji ta turo ya duba mu ya aiko cewa zai zo ran Litinin, darasin ƙarshe kafin tashi. Ran Juma'a kuma dole in bar garin da fom a hannu. Wannan karon na zauna na yi tunani da gaske: abu guda, ido ya gani, minti talatin da biyar. Na rubuta: "A ƙarshen darasi, kowane ɗalibi zai iya rubuta sunansa a littafinsa, ya karanta." Na kai masa. Ya karanta sau biyu. Hannu ya tafi kunne, ya taɓa biro, ya dawo ba komai. Na ji kamar in rangaɗa guɗa.

"Kowane?" ya ce.

"Kowane."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

"To, Allah shi taimaka."

A nan sai in faɗi wani abin kunya a kaina. Mako goma sha ɗaya ina ajin nan, ban san sunan yara ko goma ba. Malam Bawa ke kiran rajista da safe, da lamba yake kira don sauri, ni kuwa "kai" da "ke" da "mai jan ɗankwali" sun ishe ni. Hankalina duk yana kan layin nan guda. Don haka na ari rajista, na yanka kwali, na rubuta wa kowane yaro sunansa da manyan baƙaƙe yadda yake a ciki. Su arba'in da ɗaya.

Ran Litinin baƙo ya zauna a bayan aji da takardunsa. Ina kiran lamba, ina karanta suna, yaro na zuwa yana karɓar kwalinsa. Na ce, "Lamba talatin da biyu, Hauwa'u." Wata 'yar siririyar yarinya ta zabura ta waiga ƙofa, kamar an ce ga wani nan tafe. Ta taho dai ta karɓi kwalin da 'yan yatsu biyu. Yaran da ke kusa da ita sunka fara, "Malama, ai..." Na daka musu tsawa, "Shiru! Ba ku ga baƙo ba?" Sunka yi tsit.

Darasi ya yi daɗi, ban taɓa yin irinsa ba. Yara arba'in sunka kwafa, sunka miƙe ɗaya bayan ɗaya sunka karanta. Lamba talatin da biyu ta kife kwalinta a kan benci ta ɗora hannu a kai, ko fensir ba ta ɗauka ba. Baƙo ya ce ba komai, arba'in cikin arba'in da ɗaya ai aiki ya yi kyau. Ya cike nasa takardun, ya hau babur yana sauri ya kai Kamarawa. Na ce alhamdu lillahi, saura ƙararrawa, saura fom.

Kun san ƙararrawar, tsohon wilin motar nan da ke rataye a dogonyaro. Kun kuma san Kawu bai taɓa yarda wani ya buga ta ba sai shi. Lokaci ya yi, shiru. Minti goma, shiru. Yara sunka fara hamma, malamai sunka fara leƙowa ta taga. Na fita, na iske shi zaune a kujera gindin icen, ƙarfen bugawa a kan cinya.

"Hedimasta, lokaci ya yi."

"Na mi?"

"Na tashi."

"Ke kinka rubuta, a ƙarshen darasi kowane ɗalibi. Kowane ya rubuta?"

"Saura guda."

"To darasi bai ƙare ba. In darasi bai ƙare ba, ƙaƙa za ni buga ƙararrawa? Ni ban ƙarya da baki, sai in yi da ƙarfe?"

Jama'a, ashe ba makaranta kaɗai ke aiki da ƙarfen nan ba, gari duka ne. Masu fura da jin sa suke fitowa. Mata da jin sa suke sauke tukunya. Ladan kansa da shi yake sanin azahar ta kawo jiki, ran nan sau uku yana fitowa yana duban inuwa yana komawa. Can sai ga uwaye a bakin makaranta, wata da muciya a hannu, suna tambaya ko lafiya. Wani magidanci ya zo yana faɗa, awakinsa na ta kuka a turke, mai kai su kiwo yana aji. Sai da abin ya kai haka Kawu ya miƙe ya tara yara.

"Ku tafi gida ku ci abinci. Amma ku sani ba a tashi ba. Gobe ku dawo, darasin Malama Luba na ci gaba."

Na bi shi ofis. "Fom ɗina fa?"

"Fom a ƙarshen aiki ake sa masa hannu. Ke ko darasin Litinin ba ki ƙare ba."

Talata ba ƙararrawa, ko ta safe, wai ba a buɗe sabon yini a kan tsohon darasi. Yara sunka riƙa zuwa yadda Allah ya nufa, wani tun da hantsi, wani rana ta take. In na fita titi mutane su ce, "Malama, an tashi?" Ban san ko ba'a suke ko tambaya ba, ina jin su ma ba su sani ba. Malam Bawa ya same ni ran Laraba ya ce, "Ɗiyata, ki ji tsoron Allah ki ƙare darasin ga. Na kai shirina na lissafi ya ce ba ya dubawa, wai duk muna cikin ajinki. Ni da furfurata!"

Ni kuwa na tasa yarinyar nan gaba. Na lallaɓa, na kawo alewa, na kama hannunta in juya fensir ta sandare min. Na ƙare da tsawa. "Hauwa'u! Da ke nake! Hauwa'u!" Sai ta toshe kunnuwa da hannu biyu, hawaye na zuba, ba ta ko yi ƙara ba. Duk yaron da ya motsa baki na ce za ni ci ƙaniyarsa. Na je na ce wa Kawu yarinyar nan daƙiƙiya ce, ba ta da kai. Ya ce, "Wa ya ce?" Na ce ni. Ya ce, "To." Har yau in na tuna kalmar nan da na faɗa sai in ji kunya ta rufe ni.

Ran Alhamis bayan la'asar na ɗauki mayafi na nufi tungarsu, can bayan gonakin gero. Kuma kada in yi muku ƙarya, ba tausayi ya kai ni ba, ƙara za ni kai. Anka nuna min gidan, na faɗa ciki da zafina.

"Salamu alaikum! Nan ne gidan su Hauwa'u? Ina Hauwa'u take? Hauwa'u ta fito!"

Daka ya tsaya cak. Matar da ke bakin turmi ta ƙame da taɓarya a sama. Wata ta rufe baki da zane tana salati. Sai labulen wani ɗaki ya motsa, wata tsohuwa ta fito tana dogara sanda, ta dube ni sama da ƙasa.

"Wace marar kunya ta ka kirana gatsal tsakar gidana? Shekara nawa rabon da in ji sunan ga a bakin mutum! Mai kiransa na ƙarshe shina kushewa!"

"Iya, ba ke ba, yarinyar..."

"Wace yarinya?"

Mai taɓaryar ta matso, murya ƙasa ƙasa. "Malama, Uwani kike nufi. Sunan tsohuwa anka mayar mata."

Inna lillahi! Ni da na tashi cikin wagga al'ada. Ni da a gidanmu akwai Baba Ƙarami da ban san sunansa na yanka ba sai ranar ɗaurin aurensa. Uban yarinya ya sa mata sunan mahaifiyarsa, ba mai iya furta shi a gidan, ni kuwa kwana huɗu ina ƙwala shi a aji, yanzu kuma na zo na ƙwala wa mai shi har sau uku. Na durƙusa na ba tsohuwa haƙuri, na ba ta, na sake ba ta, tana ta huci.

Can na hango yarinyar laɓe bayan rumbu. Na rarrafa na je kusa, na ce, "Uwani." Ta ɗago. Karo na farko ke nan da ta dube ni a ido.

"Mi ya hana ki rubuta?"

"Sunan Kaka na. In na rubuta za ki ce in karanta."

"To naki fa?"

Ta tsinci kara, ta share ƙasa da tafin hannu, ta zana baƙaƙe biyar, tsaf, sun fi na rabin ajin kyau. Tsohuwa ta matso ta leƙa, ta ce mi ta zana? Na ce sunanta. Ta ce, "To nawa fa, ƙaƙa yake?" Na ciro kwalin na nuna mata. Ta juya shi, ta auna da yatsa, ta ce, "Ashe dogo na." Ta soke shi a ɗankwali, ba ta dawo min da shi ba.

Na ce, "Uwani, wa ya koya miki?"

"Hedimasta. Tun muna aji ɗaya."

Ban san yadda na ratso gonakin nan ba. Na iske shi a zaure, kuma a gida muke, don haka na saki murya.

"Kawu! Ashe ka sani!"

"Na sani mana. Na ci naman sunanta. Ni na rubuta rajistar."

"Kwana huɗu gari ba ƙararrawa! Ladan na bin inuwa! Ka bar ni ina yi wa ɗiyar mutane tsawa!"

"Kukan Uwani rabi laifina na," ya ce. "Kullum in sun fito sai na tsayar da ita na ba ta haƙuri. Amma ke, mako goma sha ɗaya kina gyaran layi a takarda, kin kuwa iya shi yanzu. Sai kinka rubuta kowane ɗalibi, alhali ba ki san ko wane ne ba."

"To mi ya hana ka faɗa min tun ran Litinin?"

"Da na faɗa, da kin ce kin fahimta."

Ran Juma'a da safe na kira Uwani gaban allo, da sunanta. Ta yi ɗage ta rubuta, ta juyo ta karanta da wata 'yar murya, aji ya ɗauki tafi. Kawu na tsaye a taga. Ya juya ya nufi dogonyaro, ya ɗaga ƙarfe ya narka wa wilin nan duka. Ƙarfe tara da rabi na safe! Yara sunka kwashi jakunkuna sunka zuba a guje. Masu fura sunka fito da furar da ba a gama kirɓawa ba. An ce ladan har ya fara alwala. Malamai sunka kewaye shi, ya ce, "An tashi daga darasin Litinin." Ya ba da minti biyar, ya sake bugawa, wai ta shiga ajin Juma'a. Sai da anka bi wasu yaran har gida anka dawo da su.

Sannan ya buɗe durowa. Ya sa hannu, ya hura wa hatimi iska ya buga. A gurbin sharhi, inda ƙawayena anka rubuta musu haziƙa, mai ƙwazo, mai ladabi, ni ga abin da na samu da jan biro: "Ta taka da ƙafarta har gidan ɗaliba. Ta durƙusa ta tambaya." Jami'in da ya karɓi fom a kwaleji ya karanta, ya dube ni ya ce, "Wannan yabo ne ko ƙara?" Na ce wallahi ni ma ban sani ba. Na dai fita tare da ƙawayena.

Shekaru sunka wuce ban taɓa tayar masa da zancen ba. Sai a ciwonsa na ƙarshe, na je duba shi da hantsi, yana kwance a tabarma ya rame, Inna Hajo na yi masa fifita. Muna ta tuna baya muna dariya, sai na ce, "Kawu, tsakaninka da Allah, da ban je gidan su Uwani ba, ai da ka sa hannu dai ko? Tsoratarwa ce kawai?"

Ya juyo da kai ya dube ni.

"Da ban sa ba," ya ce. "Da kin maimaita shekara. Da uwarki ta bar yi min magana, ke kuma ki tsane ni har in mutu. Duk na lissafa. Kwana huɗun nan ba abin da nake yi gindin icen nan sai roƙon Allah ki tashi ki tafi, don ni ban da wata dabara."

Inna Hajo ta ce, "Ko tuwo bai ci ba. Da gishiri da komai."

Na yi dariya, dariyar ta juye min kuka, na kife kai a gefen tabarmarsa. Ina son tsohon nan, jama'a. Ya wahalar da ni, ya ruɗa ni, ya ruɗa gari guda, kuma ban taɓa sanin ya fi ni shan wahalar makon nan ba sai ran nan.

Ya Allah, bawanka Mainasara ya zo gare ka. Ya ƙare kwanakinsa yana tsare mutane da tambaya, ka sauƙaƙa masa tasa, ka daidaita harshensa ya amsa ba gargada. Ka yafe masa, ka yalwata makwancinsa, ka sanyaya zuciyar Inna Hajo. Mu kuma da munka saura, ka sa mu iske shi da alheri. Amin.